Alhaji Abubakar Imam da Jaridar Kwabo a Zamanin Yaƙin Hitila

A filinmu na tarihin magabata, wannan karo mun ɗauko mutumin da kusan duk wanda ya taka ƙofar makarantar boko a Arewa ya san sunansa, wato marigayi Alhaji Abubakar Imam. Da an ambace shi sai mutum ya tuna Ruwan Bagaja da Magana Jari Ce, ya tuna aku da Waziri. To amma akwai wani ɓangare na rayuwarsa da ba a cika ba da labarinsa ba, shi ne aikin da ya yi tsakanin 1939 da 1945, lokacin da duniya ta kama da wuta. Bai ɗauki bindiga ba, bai je Boma ba. Yana zaune a Zariya da alƙalami, amma ta bakinsa ne talakan Arewa ya riƙa jin abin da duniya ke ciki, a daidai lokacin da gishiri ya ɓace a kasuwa, ana ɗibar samari zuwa soja da haƙar kuza.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Abubakar Imam a 1911 a garin Kagara, wanda yanzu yake cikin Jihar Neja. Ka ga ke nan maƙwabcinmu ne. Gidansu gidan malanta ne da alƙalanci, mahaifinsa Malam Shehu Usman malami ne, don haka tun yana ƙarami ya buɗe ido da allo da littattafan Larabci. Yayansa shi ne Malam Bello Kagara, mai littafin Ganɗoki, wanda daga baya ya zama Walin Katsina.

A Katsina ya yi karatun boko. Ya shiga Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1927, makarantar nan da ta yaye yawancin manyan Arewa na farko, ya gama a 1932, aka ba shi koyarwa a Midil ta Katsina. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin wani Bature mai suna Rupert East, ta sa gasar rubuta littattafan hira da Hausa. Matashin malami ya aika da Ruwan Bagaja, aka zaɓe shi tare da Ganɗoki na yayansa, da Shaihu Umar na Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Malam Muhammadu Gwarzo. East ya ga yaron nan yana da baiwa, sai ya roƙi aronsa zuwa Zariya a 1936, inda ya zauna ya rubuta Magana Jari Ce littafi uku. Yana da shekara 25 kacal a lokacin.

Jita-jitar da ta haifi jarida

Kafin a fara harbi a Turai, sai da aka fara yaƙin baki a nan gida. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya an ƙwace wa Jamus ƙasashen da take mulka a Afirka, har da Kamaru da Togo. Da Hitila ya hau mulki a 1933 sai ya riƙa neman a mayar masa da su. Wajen 1938 magana ta bazu a Nijeriya cewa wai Ingila za ta miƙa ƙasar nan ga Jamus don a zauna lafiya. Maganar ta shiga kasuwa, ta shiga tashar jirgin ƙasa, ta shiga fada. Ba rediyo a gidajen mutane, ba jarida da Hausa mai isa ko'ina, kowa abin da ya ji a bakin fatake da direbobi shi zai ɗauka ya ƙara gishiri ya kai gaba.

Wannan na cikin manyan dalilan da suka sa hukuma ta yarda a kafa jarida da Hausa. A watan Janairu na 1939 aka fitar da Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, ana sayar da ita kwabo ɗaya, kuma Abubakar Imam ne editanta na Hausa na farko. Sunan ma kansa amsa ce ga masu yaɗa ji-ta-ji-ta. Wata takwas bayan haka, a watan Satumba na 1939, Jamus ta auka wa Folan, Ingila da Faransa suka shelanta yaƙi. Jaririyar jarida ta tashi da nauyin da ya fi ƙarfin shekarunta.

Yadda yaƙi ya shigo gida

Da farko mutane sun ɗauka rigimar Turawa ce can a ƙasarsu. Sai ga shi a watan Yuni na 1940 Faransa ta faɗi hannun Jamus. Hukumomin Faransa da ke mulkin Nijar suka bi gwamnatin Bishi mai ɗasawa da Hitila, har zuwa watan Nuwamba na 1942. Kwana ɗaya, iyakar da ke tsakanin Katsina da Maraɗi, da wadda ke tsakanin Kano da Damagaram, ta zama iyakar abokan gaba. Aka tsananta tsaro, aka takura fatauci. Mutumin da ƙanwarsa ke aure a Tasawa, ko mai kawo dabbobi da kanwa daga arewa, shi ya fara ɗanɗana kuɗar yaƙin da bai san mafarinsa ba.

Ta gabas kuwa, Gwamnan Cadi, Félix Éboué, ya bi Janar de Gaulle tun watan Agusta na 1940. Wannan ya buɗe wata hanya ta sama mai muhimmanci. Ana kawo jiragen yaƙi a cikin akwatuna ta teku zuwa Takoradi a ƙasar Gana ta yanzu, a harhaɗa su, sannan a tuƙa su ta Ikko, su sauka Kano, su sauka Maiduguri, su bi ta Cadi da Sudan har Masar. Dubban jirage suka bi wannan hanya. Filin jirgin Kano ya cika da sojojin sama, aka ɗebi leburori masu yawa don faɗaɗa filaye da gina barikoki.

Sai kuma ɗaukar soja. Dakarun Nijeriya sun fara yaƙar Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 zuwa 1941. Daga baya aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka kai su Indiya da Boma a 1943 da 1944 don su kara da Japan. Yawancin masu riƙe bindiga daga Arewa suka fito, Hausa ce ma harshen bariki. Ta hannun sarakuna da hakimai da dagatai ake neman mutane, wani ya tafi da son ransa don albashi da kaki, wani kuwa mai unguwa ne ya nuna shi. Kowane soja da ya tafi ya bar gona, ya bar iyaye, wani ya bar amarya. Sunayen barikokin Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, duk daga yaƙin Boma suka samo asali.

Tsada, rashi da ɗiban gwamna

Wanda ya zauna a gida ma bai tsira ba. Jiragen ƙarƙashin ruwa na Jamus suna nutsar da jiragen kaya a tekun Atlantika, waɗanda suka rage kuma an ba kayan yaƙi fifiko. Sai kayan kanti suka yi ƙaranci: gishiri, kananzir, ashana, sabulu, akoko da alawayyo. Hukuma ta ƙayyade farashi, kaya suka koma ƙarƙashin tebur. Mutane suka koma wa gishirin gida irin na Awe da Keana, aka dawo da fitilar aci-bal-bal da man gyaɗa ko man kaɗanya, masaƙa da marina suka sake samun kasuwa. Likkafani ma sai da ya zama abin nema a wasu wurare.

A gefe guda kuma ana matsa wa manomi ya ƙara noma. Ingila na bukatar mai, don haka aka dage kan gyaɗa. Daga 1942 wata hukuma ta musamman ce ke sayen amfanin gona na fitarwa a kan farashin da ita ta yanka, manomi ba shi da ta cewa. Ana kuma karɓar hatsi daga larduna don ciyar da soja da leburori. Ga haraji bai fasa ba, ga kuma asusun taimakon yaƙi da aka buɗe, inda baitulmalin En'e-En'e da ma'aikata da talakawa suka zuba kuɗi har aka sayi jiragen yaƙi da sunan Nijeriya.

Abin da ya fi kowanne ciwo shi ne aikin kuza. A farkon 1942 Japan ta kama Malaya, Singafo ta faɗi a watan Fabrairu, Ingila ta rasa babbar mahaƙarta ta kuza. Ido ya dawo kan Jos. Da aka ga leburorin son rai ba za su isa ba, sai aka kafa dokar aikin tilas, wanda mutane suka riƙa kira ɗiban gwamna. Aka yanka wa larduna adadin mutanen da za su kawo, ana kai su na 'yan watanni a sauya wasu. Daga 1942 zuwa 1944 an ɗebi dubun dubatar manoma. Mutumin da ya saba da zafin ƙasarsa aka kai shi tsaunin Jos cikin hunturu, ba bargo isasshe, ba abincin kirki, ɗakunan kwana a cunkushe. Ciwon haƙarƙari da sauran cututtuka suka kashe mutane da yawa, wasu kuma suka gudu suka kama hanyar gida a ƙafa. Maganar ta kai har majalisar dokokin Ingila, kuma a 1944 aka soke tsarin.

Ƙasar Abuja ta da, wadda Jiwa ke cikinta, tana ƙarƙashin Lardin Neja a wancan zamani, kuma dokokin yaƙi ba su tsallake kowane lardi ba. Dattawanmu da suka taso a Kano, Katsina, Zazzau ko Sakkwato kafin su sauka nan, da 'yan ƙasa Gbagyi da Koro da Gade da muka tarar, kowa akwai abin da kakanninsa suka gani a waɗannan shekaru.

Edita tsakanin hukuma da talaka

To a cikin wannan hali ne Malam Abubakar ke fitar da jarida. Mu faɗi gaskiya, jaridar ta hukuma ce, kuɗin hukuma ne, kuma abin da hukuma ke so shi ne mutane su goyi bayan Ingila, su ba da 'ya'yansu, su noma gyaɗa. Labarin yaƙi sai an tace kafin ya fito. Edita ba shi da ikon buga duk abin da ya ga dama. Duk da haka mutane suka amince da ita, kuma dalilin amincewar yana wuyan editan.

Abu na farko shi ne harshe. Ya rubuta Hausar da ake magana da ita a zaure, mai karin magana da barkwanci, yadda ko wanda bai taɓa ganin taswira ba zai gane inda Masar take da abin da ya sa ake faɗa a kan mashigin Suwes. Abubuwan da Bahaushe bai taɓa gani ba, irin su tankar yaƙi da jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin ruwa da sojan laima, dole aka nemo musu suna da bayani. Yawancin Hausar jarida da ta rediyo da muke ji yau a wannan ɗaki aka fara saƙa ta.

Na biyu, masu iya karatun boko kaɗan ne ƙwarai a lokacin. Kofi ɗaya sai ya zagaya unguwa. Malamin makaranta ko malamin haraji ko ɗan hakimi zai zauna a ƙofar gida bayan la'asar ya karanta da ƙarfi, jama'a na saurare. Saboda waɗanda suka iya ajami kaɗai, an riƙa haɗawa da 'yar takarda da ajami mai suna 'Yar Gaskiya. An kuma fitar da wata takardar labarin yaƙi mai suna Suda. Jaridar tana isa har wurin sojoji a bakin daga, ta zama igiyar da ta haɗa na Boma da na gida.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, shi ne filin wasiƙu. Imam ya buɗe ƙofa masu karatu su rubuto. Malaman makaranta da ma'aikatan En'e da sojoji suka fara rubuto ra'ayinsu kan ilmi, da tsadar kaya, da halin ma'aikatan hukuma, da cin hanci. A ƙasar da talaka bai saba ɗaga murya a gaban mai rawani ba, wannan sabon abu ne. Edita kan tsaya a tsakiya, ya sassauta kalma inda ta yi kaifi, amma ya bar ƙorafin ya fito. Ta haka ya sha suka ta fuska biyu. Wasu masu sarauta da jami'an mulki suna ganin yana buɗe wa yara ido, wasu matasa 'yan boko kuma suna ganin ya cika lallashi, bakin gwamnati ne kawai. Kowane ɓangare da abin da ya hango, shi kuwa ya zaɓi ya ci gaba da riƙe ƙofar a buɗe ko da rabi ne, da a rufe ta gaba ɗaya.

Tafiyar Ingila ta 1943

A 1943, ana tsakiyar yaƙi, aka gayyaci editoci takwas daga ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila su je su ga yadda mutanen can ke fama. Cikinsu akwai Nnamdi Azikiwe na jaridar West African Pilot, kuma Abubakar Imam ne kaɗai daga Arewacin Nijeriya. Tafiya a wannan lokaci kasada ce, don hanya ba ta da aminci. A can ya ga unguwannin da bama-bamai suka rusa, ya ga abinci da tufafi sai da katin rabo, ya ga mata na aiki a masana'antu da gonaki a madadin mazan da suka tafi daga. Ya gane wa idonsa cewa Baturen da ake gani a nan kamar ba ya jin yunwa, a gida shi ma layi yake bi. Labarin tafiyar ne ya zama littafinsa Tafiya Mabuɗin Ilmi, wanda ya fito a 1944. Ya kuma rubuta wani littafin a kan Yaƙin Duniya na Biyu.

Abu biyu suka faru a tafiyar da suka shiga tarihi. Tun a watan Agusta na 1941 Churchill na Ingila da Roosevelt na Amurka suka fitar da sanarwar Atlantika, wadda ta yi maganar haƙƙin kowace al'umma ta zaɓi irin mulkin da take so. Azikiwe ya shirya takarda a kan wannan, yana neman a sa wa ƙasashen Afirka ta Yamma lokacin samun mulkin kai, editoci suka sa hannu. Imam ya ƙi sa hannu. A ganinsa Arewa tana baya ƙwarai a ilmin zamani da ma'aikata, kuma matsalar da ke gabanta a lokacin daban take da ta Ikko. Wannan mataki ya jawo masa zargi mai yawa daga Kudu, har yau kuma masana na muhawara a kansa.

Amma wanda ya ɗauka ƙin sa hannun yarda ce da yadda ake mulkin Arewa, bai san abu na biyu ba. A wannan tafiya ya gana da Lugga, wato Lord Lugard, tsohon Gwamnan da ya ci Arewa da yaƙi ya kuma kafa mulki ta hannun sarakuna, a lokacin ya tsufa yana zaune a gida. Imam ya zayyana masa illolin tsarin da ya kafa: yadda Turawan mulki ke sauraron sarakuna kaɗai, yadda talaka ba shi da inda zai kai kuka idan an zalunce shi, yadda ake mayar da matasa masu ilmi saniyar ware, da yadda ilmin kansa ya yi ƙaranci. Bayan ya dawo suka ci gaba da musayar wasiƙu kafin Lugga ya mutu a 1945. Ɗan shekara 32, ma'aikacin hukuma, ya gaya wa mai gini inda gininsa ke yoyo. A wancan zamani ba ƙaramar ƙarfin zuciya ba ce.

Bayan yaƙi

A 1944 aka naɗa Sulaimanu Barau Sarkin Abuja, shi ma tsohon ɗalibin Kwalejin Katsina ne kuma tsohon malamin makaranta. Daga sunansa ne aka samo Suleja, bayan da aka ƙirƙiro Birnin Tarayya a 1976 aka ba shi sunan Abuja. Alama ce ta cewa zamanin 'yan makaranta ya fara ƙaratowa. Yaƙi ya ƙare a 1945, amma tsada ba ta ƙare ba, har ta kai ma'aikata suka shiga yajin aikin gama-gari a watan Yuni na wannan shekara, aka yi sama da kwana 40 ana yi. Sojoji suka dawo, yawanci a 1946, sun ga Indiya, sun ga duniya, wasu sun koyi tuƙi da kanikanci da karatu, ba kuma za su koma su zauna yadda suka bari ba.

A 1945 aka kafa Kamfanin Gaskiya a Tudun Wadan Zariya. Imam ya ci gaba da riƙe jaridar har wajen shekara 12. Yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa a ƙarshen shekarun 1940, tun tana ƙungiyar al'adu, ya kuma shiga majalisa a farkon shekarun 1950. Siyasar jam'iyya ba ta riƙe shi ba. Ya koma harkar littattafai, daga nan ya shiga Hukumar Ɗaukar Ma'aikata, har ya shugabanci ta Jihar Arewa. A ƙarshen rayuwarsa ta aiki ya riƙe ofishin sauraron koke-koken jama'a a Kaduna, aikin da ya yi kama da wanda ya fara a filin wasiƙu. Ya rubuta littattafan addini da na tarihin Musulunci da dama. Allah ya yi masa rasuwa a Zariya a watan Yuni na 1981, yana da shekara 70. Jaridar da ya raina ta yi fiye da shekara 60 tana fitowa.

Abin da ya rage mana

'Yan'uwa, yawancinmu a nan Jiwa da Gwagwa da Karmo da Dei-Dei baƙi ne ko 'ya'yan baƙi, danginmu na nesa, kuma labarin gida ta waya yake iso mana. Mun san yadda magana ɗaya marar tushe kan tashi kasuwa, ta sa mutum ya kwashe iyali cikin dare, ta ɓata tsakaninmu da maƙwabtan da muka yi shekaru muna zaune lafiya. A 1938 a bakin fatake take yawo, yau a WhatsApp take yawo, amma halinta bai sake ba. Imam ya yi aiki a ƙarƙashin hukumar da ba ta ba shi cikakken 'yanci ba, a lokacin yunwa da tsoro, duk da haka ya nemi ya tabbatar kafin ya faɗa, ya faɗa da harshen da kowa zai gane, ya kuma bar wa mai ƙorafi wurin magana. Ƙungiya irin tamu ma abin da ake bukata daga gare ta ke nan.

Muna kuma roƙon matasanmu, duk wanda yake da tsoho ko tsohuwa a gida da suka ji labarin shekarun rashin gishiri, ko ɗiban gwamna, ko dawowar 'yan Boma daga bakin iyayensu, ya zauna da su ya rubuta, ya kawo wa sakataren ƙungiya. Masu wannan labari suna ƙarewa.

Allah ya jiƙan Alhaji Abubakar Imam, ya jiƙan waɗanda suka kwanta a Boma da ramukan kuza ba a san kabarinsu ba, ya kiyashe mu da ganin yaƙi a ƙasarmu. Amin.